Yadda mai aikin fasaha a Legas zai shiga gasar ƙaramar hukuma, ya kuma ɗora daga nan

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan rubutun na 'yan'uwa ne masu aikin hannu mazauna Legas, masu zane da fenti, masu zayyanar allo, dukawa, masu ɗinkin hula da wuyan babbar riga, mata masu lalle, yaran nan masu ɗaukar hoto da waya, har da masu rubuta jikin tirela da keke a gareji. Magana ce kan yadda zaka shiga gasa ko karramawar da ƙaramar hukuma kan shirya wa masu fasaha na unguwa, da abin da zaka yi da ita bayan an watse taro. Abin da na lura da shi shine ba hannu ke kayar da mutanenmu ba, hannu akwai shi wlh, takarda ce ke kayar da mu. Zaka ga baduku ya shekara ashirin yana aikin da idan an kai shi Lekki ninkin kuɗinsa uku ake sayarwa, amma ka ce ya nuna maka hoton aikinsa guda biyar masu kyau da sunansa a jiki, babu.

Fara da sanin wace hukuma ce taka

Legas na da ƙananan hukumomi 20 da kundin tsarin mulki ya sani, sannan akwai wasu 37 da ake kira LCDA waɗanda aka ƙirƙira a 2003 zamanin gwamna Tinubu, kowacce da ciyaman ɗinta da kansilolinta da sakatariyarta. Wannan ba ƙaramin abu bane, don mutum zai ce ni ɗan Agege ne alhali layinsu ya faɗa Orile-Agege, ko yana Obalende yana tunanin Lagos Island zai nufa alhali Ikoyi-Obalende ce tasa. Irin wannan shirin kusan kullum na mazauna yankin ne, toh idan ka kai takarda inda ba naka ba ka yi asarar kuɗin mota kawai. Tambayi kansilan mazaɓarku, ko shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa da ake ce wa CDA, ko fadar Sarkin Hausawan yankinku, cikin su ukun nan wani zai faɗa maka daidai.

Kada kuma ka ɗauka kowace hukuma tana yin gasar duk shekara. Abu ne da ya danganta da ciyaman da kasafin kuɗinsa, wani lokacin a liƙa shi da bikin 1 ga Oktoba, wani lokacin da ranar yara ta 27 ga Mayu, wani lokacin ya shigo cikin shirin koyar da sana'a da rabon kayan aiki wa matasa. Saboda haka zuwa da kai ya fi saƙo: ka sa kaya masu tsafta ranar aiki da safe, ka je sakatariya ka nemi ofishin da ke kula da matasa ko ilimi ko al'adu, ka gaida wanda ka tarar ka ce kai mai zane ne mazaunin yankin kana so a sa sunanka idan wani abu ya taso. Karɓi lambar ofishin, ka duba allon sanarwa da ke bakin ƙofa, ka bi shafin hukumar a Facebook da Instagram. A matakin jiha kuma akwai ma'aikatar yawon buɗe ido da fasaha da al'adu a Alausa, da hukumar fasaha da al'adu ta jihar, su ma ka bi shafukansu don wasu sanarwoyin daga can suke gangarowa.

Takardun da zaka haɗa tun kafin a yi sanarwa

Sanarwa kan zo a ƙurarren lokaci, a ce nan da sati biyu an rufe. Idan sai lokacin zaka fara neman takarda, an gama da kai. Ka tanadi NIN, katin mazauna Legas na LASRRA, ƙananan hotunan fasfo, da asusun banki mai sunanka kai kanka. Dan Allah a duba wannan: sunan da ke NIN da na BVN da wanda zaka rubuta a fom su zama iri ɗaya harafi da harafi. Mu muna da wannan matsalar sosai, nan Muhammad can Mohammed, nan an sa sunan gari a ƙarshe can an sa na mahaifi, toh akawun hukuma ba ruwansa da cewa duk kai ne, yana ganin bambanci zai ajiye fayil ɗin a gefe. Sunan da aka san ka da shi a kasuwa ka rubuta shi a wurin laƙabi, ba a wurin sunan yanka ba.

Wasu na jin tsoro wai ai ni ba ɗan asalin jihar bane. Karanta sharaɗin da kyau, idan mazaunin yanki aka ce, kai ma kana ciki, katin LASRRA da takardar shaida daga CDA ko daga fada sun wadatar wajen nuna kana zaune a nan. Akwai iyalan da kakanninsu ma a Agege aka haife su, jin kai baƙo ne kafin kowa ya ce maka baƙo shi ke hana da yawa gwadawa.

Hoton aikinka, nan ne ake cin gasa ko a faɗi

A nan zan ɗan daɗe, don alƙalan gasa yawanci hoto suke fara gani kafin su ga aikin da idonsu, idan ma zasu gan shi. Zaɓi aiki 8 zuwa 12 waɗanda kai kanka ka san babu kunya a cikinsu, ba duk abin da ka taɓa yi ba. Kuma su yi kama da aikin mutum ɗaya. Idan ka haɗa zanen fuska guda biyu da jakar fata ɗaya da allon shagon aski da hoton biki, mai dubawa zai rasa wane ne kai, gara ya ga jakunkuna goma da ke nuna hannu ɗaya.

Ba sai kana da kyamara ba, waya ta isa. Goge idon kyamarar da gefen riga, fita da aikin waje da safe ko da yamma lis, a inuwa, ba cikin rana tsaka ba kuma ba da filashi ba don filashi na sa fenti da fata su yi ƙyalli launi ya ɓace. Nemi bango fari ko ka rataya farin yadi, ka tsaya daidai tsakiyar aikin yadda kusurwoyi huɗun zasu fito a miƙe ba a karkace ba. Kada ƙafarka ko bokiti ko wayar nepa su shigo. Kowane aiki ka masa hoto ɗaya cikakke da ɗaya na kusa-kusa mai nuna ɗinki ko tafiyar burushi, musamman masu hula da aska takwas, don kyan aikinku a kusa yake. 'Yan'uwa mata masu lalle, ku naku aikin kwana kaɗan ne ya goge, hoton shine kaɗai abin da zai rage, toh ku nemi izinin mai hannun kafin ku ɗauka, kuma a tsaya a hannu da ƙafa ban da fuska sai in ita ta yarda.

Ƙarƙashin kowane hoto a rubuta abu huɗu: sunan aikin, shekarar da aka yi shi, kayan da aka yi shi da su, da girmansa a santimita, tsawo sannan faɗi. Sayi tef ɗin tela ka auna, kada ka yi kirdado. Sannan idan zaka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, don idan ka tura shi a hoto kai tsaye manhajar na matse shi ya dushe. Ka ajiye kwafi a imel ko Google Drive, waya a Legas yau tana hannunka gobe tana hannun wani a Oshodi.

Shi kansa aikin ka kula da ajiyarsa. Danshin garin nan ba irin na gida bane, fata na yin fumfuna cikin 'yan makonni a damina, takarda na lanƙwashewa, tawadar zayyana na jiƙewa. Kada ka jingina aiki da bango ko ka ajiye a ƙasa, ɗaga shi sama inda iska ke shiga, kuma kada ka ƙulle fata cikin leda.

Tarihinka da bayanin aiki

Fom zai nemi abu biyu da ke firgita mutane, taƙaitaccen tarihi da bayanin abin da aikinka ke nufi, kuma da turanci. Dabarar ita ce kada ka fara da turancin. Ɗauki waya ka yi magana da Hausa minti biyu kamar kana wa abokinka bayani: a ina ka koya, wajen wa, tun yaushe, da me kake aiki, me ya sa wannan zanen kake yi ba wani ba. Sai ka ba wani ɗalibi ko malamin makaranta da ka yarda da shi ya juya maka, kalma 100 zuwa 150 ta isa. Ka sa ya karanta maka ya fassara maka baya, don wasu masu taimakon sai su cika maka takarda da manyan kalmomin da ko su basu san kansu ba, ranar da alƙali ya tambaye ka me kake nufi da kaza ka tsaya kana kallonsa.

Koyo a gida ba abin ɓoyewa bane. Idan wajen mahaifinka ka koyi dukanci, shi kuma wajen nasa, rubuta hakan, abin da wanda ya fito daga Yabatech, kwalejin fasaha da ke Yaba, ba zai iya rubutawa ba kenan. Idan zanenka daga adon bangon gidajen Zariya da Kano ka ɗauko shi, ko dagin arewa, ko zayyanar allon sauka, faɗi sunan abin. Ga waɗanda basa zana mai rai saboda addini, wannan ba zai rage maka maki ba, zanen layi da launi da rubutu na da kasuwarsa babba a galari, wato gidan baje kolin zane da sayar da shi. Shawara ɗaya dai, kada ka kai aikin da ke da ayar Alƙur'ani wurin da ba kai zaka riƙa kula da shi ba, don zaka iya dawowa ka tarar an jingina shi a ƙasa ana tsallakawa. Kai zayyanar ba tare da ayar ba, ko ka yi baitin waƙa da ajami.

Cike fom da miƙawa

Karanta sharuɗɗa sau biyu kafin ka taɓa biro: shekarun masu shiga, jigon gasar, girman aikin da aka yarda, ranar rufewa, da ko za a dawo maka da aikin. Idan an ba da jigo, misali tsaftar muhalli ko zaman lafiya a unguwa, kada ka ɗauko tsohon aiki ka canza masa suna, ana ganewa. Yi tunanin jigon daga inda kake tsaye, kasuwar Mile 12 da asuba lokacin da ake sauke kwandunan tumatir, ko 'yan ga-ruwa, ko sahun sallar idi da ya cika titi, waɗannan duk Legas ne kuma ba kowa ke da idon ganinsu kamar kai ba.

Idan tallafin yin wani aiki ne, kamar zanen bangon makaranta ko koya wa yara, za a nemi lissafin kuɗi. Je kasuwa ka tambayo farashin yau na fenti, burushi, hayar tsani, kuɗin mota, abincin yaran da zasu taya ka, sannan ka sa ladan kwanakinka. Da yawa suna jin nauyin sa ladansu, daga ƙarshe su yi wa hukuma aiki kyauta. Ka sa ɗan rara kuma saboda farashi baya zama wuri ɗaya.

Yi fotokwafin komai. Miƙa kwana biyu ko uku kafin ranar ƙarshe, ka sa a buga maka hatimin an karɓa a kwafinka da kwanan wata, idan aikin kansa ka bari ka karɓi takardar shaida, ka rubuta sunanka da lambarka a bayansa. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom cikin asusunsa na kansa, ko ya ce kawo wani abu in sa sunanka a gaba, rabu da shi. Kuɗin hukuma da rasit yake tafiya.

Hakkin mallaka

Kafin ka sa hannu ka san me kake bayarwa. A dokar hakkin mallaka ta 2022, sayar da zane daban, sayar da hakkin buga shi daban, kuma mallaka wa wani hakkin baya tabbata sai a rubuce. Wato wanda ya sayi zanenka bai samu ikon buga shi a riguna yana sayarwa ba sai ka rubuta masa. Amma idan gwamnati ce ta ɗauke ka aikin, lamarin na iya komawa hannunta in ba a yi wata yarjejeniya ba, shi ya sa zaka nemi a rubuta ƙarara: a ina zasu yi amfani da hoton, kuma za a sa sunanka ko a'a. Ni dai a ganina ko ba a ƙara maka sisi ba, ka dage a sa suna.

Ranar taro, da bayanta

Ka isa da wuri ko da ka san manyan baƙi sai sun makara, ka tsaya kusa da aikinka, ka tanadi jimla biyu uku da zaka faɗa idan ciyaman ya tsaya a gabanka, ko da turancin buroka ne ba laifi. Buga ƙananan kati masu sunanka da lambarka da shafinka. Wanda zai amfane ka a wurin sau da yawa ba mai rawani ko mai jiniya bane, alƙalin gasar ne da malamin zanen da ya rako ɗalibansa, su zaka karɓi lambarsu.

Idan Allah ya baka, alhamdulillah, amma ka sani ƙaton cek ɗin da ake ɗaukar hoto da shi ba shine kuɗin ba, kuɗin sai fayil ya zaga ofis-ofis, toh tun a ranar ka tambayi wa zaka riƙa tuntuɓa, ka bi cikin ladabi ba tare da gajiya ba. Karɓi satifiket, ka samu hoton miƙawa, ka roƙi wasiƙa mai kan hukuma da ke cewa kai ka ci. Wannan wasiƙar ta fi kuɗin daɗewa, ita zaka riƙa liƙawa a duk neman da zaka yi nan gaba. Kuɗin kuma nasan 'yan'uwa da abokai zasu ji labari, ba zan ce kada ka yi alheri ba, amma cire na kayan aiki da firem tun kafin ka iso gida. Idan ba a ci ba, je ka ɗauko aikinka da wuri kafin ya ɓace a sito, ka tambayi ɗaya daga alƙalan me ya rage, kuma ka rubuta a tarihinka cewa an baje aikinka a wuri kaza shekara kaza, don hakan ma abin rubutawa ne.

Inda zaka ƙaro ilimi

Gasar ƙaramar hukuma ƙofa ce ƙarama, garin kuma cike yake da wuraren da mutanenmu basa leƙawa don suna ganin ba nasu bane. Nike Art Gallery a Lekki, ta Nike Davies-Okundaye, hawa-hawa ce cike da aiki, ka je ka ga yadda ake firem da yadda ake rubuta bayani a gefen aiki. Akwai Terra Kulture a Victoria Island, akwai Freedom Park a Broad Street inda tsohon kurkuku yake. A Yaba akwai cibiyar fasahar zamani ta CCA da marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007, tana da ɗakin karatu na littattafan fasaha. A gefen babban ɗakin wasa na ƙasa da ke Iganmu an daɗe da sanin Universal Studios of Art, inda masu zane da sassaƙa ke koyar da yara irin koyon da muka saba, na zama gaban maigida. Masu hoto su bi bikin baje hotuna na LagosPhoto da aka fara a 2010, matasa masu zane su sa ido kan shirin Young Contemporaries na galarin Rele, sannan baje kolin ART X Lagos da aka fara a 2016 ana yinsa wajen Nuwamba, ko sau ɗaya ka shiga ka ga farashin da ake sa wa aiki. Cibiyoyin al'adun ƙasashen waje irin su Goethe da Alliance Française da British Council su ma suna fitar da sanarwar bita da tallafi lokaci-lokaci, kuma fayil ɗin nan da ka haɗa wa ƙaramar hukuma shi dai zasu nema. Mai son takardar makaranta ga Yabatech nan, tun 1947 take.

Ta ɓangaren kasuwanci, yi rajistar sunan sana'arka a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe asusu da sunan, don kamfani ko otal da zai sayi aiki da yawa ba zai tura kuɗi asusun da ba takarda ba. Asusun LSETF na jihar, wanda aka kafa a 2016, yana ba masu ƙananan sana'o'i rance da horo, su ma zasu tambaye ka LASRRA. Wajen sa farashi ka lissafa kayan aiki da kwanaki da firem da mota, ka tuna galari na cire kasonta, wasu har rabi, kuma kada ka sayar wa wani a bayan fage da rabin farashin da galarin ta sa, ranar da suka ji an gama hulɗa.

Idan hukumarku bata da irin wannan shirin

Sai ku nema. Mutum ɗaya ba a cika sauraronsa ba, amma ku goma ko sha biyar, da mata a ciki, da maƙwabtanku Yarbawa da Ibo masu irin sana'ar, magana ta canza. Ku rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga ciyaman ta hannun kansilanku, da takardar goyon baya daga Sarkin Hausawa da Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugaban CDA. Kada ku fara da neman miliyoyi, ku roƙi abin da zai yi wuya a ce a'a: aron zauren sakatariya na kwana biyu, kujeru da rumfa, satifiket mai sa hannun ciyaman, da ƙaramar kyauta ga mutum uku na farko. Ku ba da shawarar alƙalai daga waje, kamar malamin zane na wata makaranta, don kada a ce 'yan gida aka raba wa. Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take farawa, saboda haka ku kai wasiƙar wajen Satumba ko Oktoba lokacin ana haɗa kasafin baɗi, kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya, ku haɗa da hotunan aikin kowa guda bibbiyu, sannan ku wakilta mutum biyu da zasu riƙa komawa sakatariya duk bayan sati biyu suna tambayar inda takardar ta kwana.